Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Majuyin da Na Ƙera wa Kombin Mahaifina

A makon da ya gabata na tsaya ne a ranar da muka jawo kombin marigayi mahaifina daga bayan gidanmu na Tudun Wada zuwa rumfar aikina da ke Panteka, bayan ta shafe shekara 22 a kan duwatsu ba ta motsa ba. Mako uku muka yi muna kwance ta. Mun fara sauke inji da giya, sannan muka fitar da tankin mai tun kafin a kunna wata wuta kusa da ita, muka cire gilasai da kujeru da ƙofofi da ƙafafun gaba da na baya, har ba abin da ya rage sai gangar jiki zalla a ɗore kan katakai. Sai a lokacin na kwanta rigingine da tocila a hannu, na shiga ƙarƙashinta don in ga abin da damuna 22 da ciyawar da ta tsiro a gindinta suka yi mata.

Abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi. Dogayen ƙarafan da ke bin ƙasan ƙofofi sun zama kamar busasshen ganye, ina danna sukudireba tana shigewa. Wuraren da ake kafa jak, biyu daga cikin huɗu sun ruɓe. Mazaunin batir da ke can baya ta hannun dama, ruwan batir ya cinye shi tun zamanin da motar ke aiki. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne manyan ƙarafan shasi biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya suna nan da ƙarfinsu, domin na buga su da guduma sun amsa da ƙara mai kyau.

Wanda bai san wannan mota ba zai ce ai sai a ɗaga bodi daga kan shasi a gyara kowanne daban, kamar yadda ake yi wa ƙaramar Volkswagen mai ƙusumbi, wadda ake kwance notuna a ɗauke mata jiki a bar farantin ƙasa. Kombi ba haka aka ƙera ta ba. Tun da kamfanin Volkswagen ya fara fitar da ita a garin Wolfsburg na Jamus a 1950, kafin a mayar da aikin Hanoba a 1956, jikinta da shasinta a haɗe suke da walda, ba sa rabuwa. Tamu ƙira ta biyu ce, wadda aka yi a Jamus daga 1967 zuwa 1979, kuma lamba ta uku a jerin lambar shasinta 3 ce, wato ƙirar 1973, shekara biyu kafin a buɗe masana'antar harhaɗa Volkswagen a Legas. Ma'anar wannan a wajena ita ce duk gyaran ƙasan nan sai dai in yi shi a kwance, wuta a bisa fuskata.

Duk mai walda ya san abin da waldar sama take nufi. Narkakken ƙarfe ƙasa yake so, saboda haka maimakon ya zauna cikin haɗin sai ya ɗigo a wuyan riga ko cikin kunne. A ƙarfe mai kauri ana jurewa, amma farantin jikin mota bai wuce milimita ɗaya ba, kana jinkirta hannu kaɗan ya huje. Na gwada faci ɗaya a kwance na yini guda, na fito da ƙuna uku a hannu da aikin da ni kaina ban yarda da shi ba.

Na je na samu maigidana wanda ya koya mini sana'a, yanzu ya tsufa ya daina aiki, sai dai yakan zo ya zauna a benci ya ga yadda kasuwa take. Na ce, "Baba, kombin nan ta gagare ni ta ƙasa." Ya ce, "Yaro, mu a zamaninmu tsofaffin tayoyi muke jerawa, mu kira majiya ƙarfi goma, mu kwantar da mota a kan haƙarƙarinta." Na san wannan hanya, na kuma yi ta a kan motocin da ba wanda zai damu da lotsawarsu. Amma gefen kombi doguwar shimfiɗa ce ta faranti marar kauri, ga magudanar ruwan da ta zagaye rufi, kuma jikin da tsatsa ta cinye ƙasansa idan aka kwantar da shi haka yana iya murɗewa, ƙofofi su ƙi komawa mazauninsu har abada. Na faɗa masa haka cikin ladabi. Ya yi shiru, can ya ce, "To ka nemo dabarar da ta fi tawa, zan zo in gani."

Ƙanina ne ya nuna mini hotuna a wayarsa na yadda masu farfaɗo da tsofaffin motoci a Ingila da Jamus suke yi. Suna ɗaure gangar motar tsakanin ginshiƙai biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, su riƙa juya ta kamar kazar da ake gasawa a sanda, kuma sunan magasar kazar ma suka ba wa abin. Ni dai na sa masa suna majuyi. Ban samu ma'auni ko ɗaya daga hotunan ba, saboda haka na zauna da alli a kan siminti na zana nawa.

Abu na farko da na auna shi ne tsayin wurin juyawa daga ƙasa, domin idan ya yi gajarta kusurwar rufi za ta daki ƙasa a tsakiyar juyi. Na kafa ƙusa a inda nake zaton layin juyawa zai bi, na ja zare zuwa kusurwar rufi mafi nisa, na samu santimita 148, sai na yanke shawarar ginshiƙan su ɗauki bututun juyawa a santimita 155. Na sayo sikwaya fayif mai inci huɗu, kaurin milimita 4, don ginshiƙai da ƙafafu, da mai inci uku don hannuwan da za su riƙe motar. Kowane ginshiƙi na yi masa ƙafa mai faɗin mita 2, da tokare biyu a gefe da ɗaya a baya, sannan na haɗa ginshiƙan biyu ta ƙasa da doguwar sanda mai notuna, domin nauyin mota yana son ya jawo kawunansu ciki ya tura ƙafafunsu waje.

Wajen juyawa kuwa, yarana sun so mu sa boris na tsohuwar babbar mota, na ƙi. Boris santsinsa ya yi yawa, abu mai nauyi idan ya fara tafiya a kansa ba ya jin kira. Na zaɓi bututu mai kauri a cikin wani bututun da ya ɗan fi shi faɗi, da giris a tsakaninsu, domin wannan ɗan gogayyar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ita ce birkin farko. Birki na biyu tsohon faifan birki ne da na huda masa ramuka 12 a kewaye, na like shi a bututun ciki, ta yadda ƙusa mai kauri za ta shiga rami ta kulle motar a duk karkatar da nake so. Na kuma guji bututun ruwa mai rufin tutiya duk da ya fi araha, saboda hayaƙinsa a wuta yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, na taɓa kwanciya a kansa ina yaro.

Waldar ta ɗauke ni kwana tara, kuma yawancinta da dare na yi ta. Injin waldata irin wanda ake naɗawa a nan Panteka ne, yana aiki da kyau idan lantarki ya cika, amma da rana kowa ya kunna nasa sai wutar ta yi rauni, sandar walda ta riƙa mannewa, ƙarfe ya hau saman haɗi bai shiga ciki ba. Irin wannan walda a ido tana da kyau, a ƙarƙashin nauyi kuwa sai ta ɓalle kamar ɓawon gyaɗa. Kowane haɗi sai da na fere bakinsa da giranda, na ɗiga masa walda a kusurwa huɗu, na sake aza sikwaya na tabbatar bai kauce ba, sannan na cika gindinsa da sanda geji 12, na kankare kashin waldar sarai, na rufe da geji 10. Ina yin gefe ɗaya in koma kishiyarsa, domin zafi yana jan ƙarfe zuwa inda aka fara. Inda bututun juyawa ya zauna a kan ginshiƙi, nan duk nauyin yake taruwa, saboda haka na ƙara masa faranti mai kusurwa uku a kowane gefe.

Ban amince da mazaunin bamba ba, domin tsatsa ta taɓa shi. A gaba na ɗaure hannuwan a ramukan da ke riƙe da ƙarfen ƙafafun gaba, a baya kuma na kama shasi kusa da babban bututun da ke ɗauke da sifirin, wuraren da tun asali aka ƙera su don ɗaukar nauyin motar. Kafin mu ɗaga ta na gicciya ƙarfen kwana a bakin ƙofar gefe mai zamewa da ƙofofin gaba da ta baya, na ɗiga musu walda, don jikin ya riƙe siffarsa. Muka aro sarƙar ɗaga inji daga maƙwabtanmu makanikai, muka ɗaga ta gaba da baya, na zura zare ta cikin bututun juyawa biyu har sai da na ga suna kallon juna a layi ɗaya, sannan muka ɗaure notuna.

A nan ne na yi kuskuren da har yau idan na tuna gabana yake faɗuwa. Na ɗauka tun da shasi ne mafi kaurin ƙarfe, nauyin motar yana can ƙasa, shi ya sa na aza layin juyawa santimita 35 kawai bisa shasi. Ban ba wa rufi da dogayen bangaye haƙƙinsu ba. Da na zare ƙusar kulle, motar ta tsaya cik kamar komai daidai ne. Muka tura ta kaɗan, ta karkata a hankali, sai kawai na ji ta fi ƙarfin hannuna, rufin ya taho da gudu yana neman ƙasa. Na daka wa ƙaramin yarona tsawa ya yi tsalle baya, sarƙar da Allah ya sa ban kwance ba ta cafke ta da ƙara mai firgitarwa. Ba wanda ya ji rauni, sai magudanar rufi da sarƙar ta lotsa kamar tsawon tafin hannu. Yaron nan amanar iyayensa ce a hannuna, kuma ni na tsayar da shi a wurin. Na zauna a ƙasa na daɗe ban ce komai ba.

Maigidana yana kan bencinsa ya ga komai. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Yaro, waldarka ta riƙe, awonka ne bai riƙe ba. Ka taɓa ganin mai tallan ruwa ya rataya garwa biyu bai nemi tsakiyar sandarsa ba?" Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

Washegari na yanke hannuwan na sake su. A wannan karon na yi su masu zamewa sama da ƙasa a cikin wani fayif, na samo dogon zaren ƙarfe daga tsofaffin jak guda biyu na sa a kowane ɓangare, yadda idan na murɗa noti motar za ta sauka ko ta hau ba tare da bututun juyawa ya motsa ba. Muka riƙa sauke ta kaɗan-kaɗan, gaba da baya daidai wa daida, muna gwadawa da sarƙa a ɗaure. Idan aka karkata ta ta ci gaba da tafiya, nauyi yana sama ke nan, a ƙara saukewa. Idan ta dawo da ƙarfi ta miƙe, an wuce wuri. A wajen santimita 56 muka samu inda idan aka karkata ta aka sake ta sai ta tsaya a nan, ba ta gaba ba ta baya. Na sa alama da fenti, ko da yake na san zan sake murɗa notin nan gaba, domin duk sabon ƙarfen da na lika a ƙasa zai ɗan sauya nauyin.

Da hannu ɗaya na juya ta a yammacin ranar, har ƙasanta ya fuskanci hasken rana a karon farko tun da ta fito daga masana'anta. Ƙasa da tsatsa da gidan zanzaro suka riƙa zubowa daga cikin ƙarafanta, muka share kusan bokiti biyu. Mutanen layinmu suka taru suna kallo, wani mai gyaran bodi ya zagaya majuyin sau biyu yana taɓa haɗe-haɗen, ya tambaye ni nawa zan ƙera masa irinsa.

Ina bin ƙasan da buroshin waya ina zagaye wuraren da za a yanke da alli, sai na iso daidai ƙarƙashin ƙafar direba. Akwai faci a wurin mai faɗin littafin makaranta, an yanko shi daga jikin duro, an like shi da waldar gas, ruwan tagullar ya bi gefensa rawaya kamar zare. Na gane shi nan take. Ina da shekara tara lokacin da mahaifina ya dawo daga jigilar Zariya da dare ya ce ƙura tana shigo masa ta ƙasa, ya kira wani mai walda da tukunyar kabad ɗinsa, ni kuma aka ba ni fitila in haska musu. A daren nan na fara ganin ƙarfe yana narkewa, kuma ban yi barci ba sai da aka gama.

Na goge facin da kyau, na buga shi da guduma ta ko'ina, na tarar tsatsa ta ci abin da ke kewaye da shi amma shi bai ko girgiza ba. Na kulle majuyin a rami na huɗu, na ɗauki allin na ja layin yanka nesa da gefensa da yatsa biyu, yadda sabon farantin zai zo ya same shi a inda yake. Sannan na aiki yaro gida ya gaya wa Hajiya cewa gobe da safe zan zo in ɗauko ta, akwai abin da nake so ta gani.