Ranar da na daina danne ɗana

Ɗana yana da shekara 6 lokacin da ya fara buga kansa da bango. Ba ya magana. Likitoci sun ce galahanga ce, lalurar da ake kira autism. A gidan hayarmu na unguwar Aboabo a Kumasi bango ɗaya ne ya raba mu da maƙwabta, kowa na jin ƙarar. Ni kuwa kamu kawai na sani. Sai in kifa shi a katifa, in danne kafaɗunsa har ya yi laushi. Ina sakinsa sai ya gantsara wa kansa cizo. Har yau tabon haƙoran yana wuyan hannunsa na hagu.

Surukata ta ce, "'Yar nan, iskoki ne, a kai shi a ɗaure." Tausayi ne ya sa ta faɗa, na sani. Amma na taɓa ganin yaro da mari a ƙafa, kuma tun 2017 hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta hana ɗaure mutane da sarƙa. Na ce, "Hajiya, a yi mini haƙuri, mu ci gaba da addu'a a gida."

A asibitin Komfo Anokye wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni yadda nake riƙe shi. Da na kwatanta, ta kama hannuna ta ce kada in ƙara. Yaron da aka kifa aka danne bayansa, ƙirjinsa ba ya buɗewa, numfashi na iya ɗaukewa. Na tuna wannan laushin da nake ɗauka natsuwa ce, jikina ya yi sanyi. A ranar aka duba kunnensa, ashe mugunya ce cike a gefen da yake bugawa. Wata nawa yana gaya mini da kansa, ni ina danne shi!

Na sayi ƙaramin littafi, ina rubuta abin da ya faru kafin kowane bugu. Yunwa ta fito, da ƙarar janareton maƙwabcinmu idan an ɗauke wuta. Yanzu in ya fara, matashi nake sawa tsakanin kansa da bango, in kashe rediyo, in zauna gefensa ba surutu. Cizo kuma na ba shi roba mai taushi.

Riƙo bai ƙare gaba ɗaya ba. Rannan a kasuwar Kejetia ya nufi gaban trotro, wato motar haya, na cafke shi ta gefe, yana tsaye, muna fita hanya na sassauta.

Na liƙa masa hotuna a ƙofa: kofi, bayan gida, kunne. Shekaranjiya da asuba ya ciro na kunnen ya ɗora mini a cinya.