Abin da zangon kalkulas ya nuna mini

Yau na kammala duba takardun jarrabawar ɗaliban shekarar farko a darasin kalkulas (reshen lissafi mai nazarin yadda abubuwa ke canzawa), wanda aka ɗora mini nauyin tsarawa da koyarwa a wannan zangon. Tun farko na yi kuskure, domin mako ɗaya kacal na ware wa batun iyaka, wato adadin da amsar lissafi ke kusanta, ina gaggawar kaiwa ga lissafin saurin canji, ashe a nan gizo ke saƙa. Ranar da na rubuta (x² − 1)/(x − 1) a allo, na tambayi inda amsar ta dosa idan x yana kusantar 1, ajin ya yi tsit, sai wata ɗaliba ta ce ai sifili bisa sifili ne, babu amsa. Da muka gwada 0.9 da 0.99 da 1.01, suka ga sakamakon yana matsowa kusa da 2, sai fuskoki suka saki.

Ban ga laifinsu ba. Masanin lissafi Leibniz ya wallafa aikinsa kan kalkulas a 1684, amma sai a ƙarni na 19 wasu masanan, Cauchy da Weierstrass, suka daidaita ma'anar iyaka. Yawancin makin da suka rasa kuwa a aljabara ya zube, saboda haka na ba ta makonni biyun farko na zango mai zuwa.