Wasiƙa daga Mainz: Keke, Burtali da Hanyar Durɓi ta Kusheyi

Assalamu alaikum, jama'ar Katsina da Daura. Ina gaida iyayenmu da malamanmu, da fatan an kai amfanin gona rumbu lafiya. Ya hunturu? Namu sanyin na nan Jamus ba a cewa komai, sai dai a ƙara riga bisa riga.

Garin da nake zaune, Mainz, yana da wata alaƙa da mu wadda da yawanmu ba mu da labarinta. Kayan da aka tono a Durɓi ta Kusheyi, can wajen Mani, nan aka kawo su aka gyara. Tun a 1907 Bature Palmer ya fara tona waɗancan tuddan kaburbura, zamanin Sarki Dikko, sannan aka sake wani tonon a 1992 tare da masana Jamusawa. An samu mundaye, da kayan ado na zinariya, da hauren giwa, da duwatsun wuya, da tasar ƙarfe wadda ta ƙetaro Sahara ta iso ƙasarmu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Wani babban gidan binciken kayan tarihi na garin nan ya tsabtace su, ya baje su a 2011 mutane suka yi ta kallo, daga baya aka mayar da su gida. To ga Bajamushe ya ga awarwaron kakanninmu, amma ku tambayi samarin Ƙofar Ƙaura ko na Sabuwar Unguwa mutum nawa suka taɓa taka ƙafa a Durɓi. Alhali mai keke in ya fita bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi ya isa.

Maganar keken ce ta sa na rubuto. Mutanen nan suna da wani wasa na hawan keke a daji da tsaunuka. Keken nasu mai faffaɗar taya ne, mai giya da yawa, da shokozoba a gaba, wani har da baya, kuma ba wanda zai hau ba hular kwano. Wasan ba nan aka haife shi ba. A Kaliforniya ta Amurka ya fara, cikin shekarun 1970, lokacin da wasu samari suka riƙa kwaso tsofaffin kekuna masu nauyi da aka yasar, suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais. Tseren su na farko da ya yi suna a 1976 aka yi shi, kuma zuwa 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Na kawo wannan ne saboda masu cewa abin na masu kuɗi ne. Kekunan da aka fara da su ba su fi Fonis ɗin da ke jingine a zauren gidajenmu ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka ɗaure hanyar keke da tarihi. Tsakanin Bingen da Koblenz, kogin Rhein ya ratsa kwari mai tsawon kimanin kilomita 65, da gidajen sarauta na dutse wajen 40 a kan tuddai, kuma UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Kana hawa cikin gonakin inabi kana haki, sai ka ɓullo a gindin wata tsohuwar hasumiya, ga benci, ga allo ya faɗa maka wanda ya gina ta da wanda ya ƙone ta. A kudu, cikin dajin Pfalz, akwai hanyoyin keke masu alama na ɗaruruwan kilomita, a can ne kuma fadar Trifels take, inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1193 ana jiran kuɗin fansa. A Stromberg kuwa, kusa da Bingen, masu sha'awar wasan ne da kansu suka ɗauki shebur da diga suka gyara turba a daji, suka raba ta launi-launi, shuɗi na mai koyo, ja na wanda ya ɗan iya, baƙi na gwanaye. In ƙasa ta jiƙe sai su rufe, don kada taya ta ɓata musu aiki.

Amma wurin da ya tsaya mini a rai ba shi da kyan waɗancan. Ana kiransa Limes, tsohuwar iyakar daular Rumawa, mai tsawon kilomita 550 daga Rhein zuwa kogin Danube. A tsaunukan Taunus, arewa da Frankfurt, an sake gina wani sansaninta mai suna Saalburg tsakanin 1897 da 1907, shi kam ya ƙayatar. Sauran fa? A mafi yawan wurare ba abin da ya rage sai ɗan tudun ƙasa da kwari a gefensa, ciyawa da ganye sun rufe. Wallahi guntun ganuwar Katsina da ya rage a bayan gidajen mutane ya fi shi tsayi da kwarjini. Duk da haka tun 2005 yana cikin jerin UNESCO, doka ta hana a taɓa shi, kuma an bi gefensa da hanyar keke da ta masu tafiya da ƙafa. Malamin makaranta yakan kawo yara, tsoho da tsohuwa su zo su huta, mai shagon shayi a ƙauyen gaba ya yi ciniki. Tunda mutane suna wucewa kullum, ba mai iya zuwa da tifa da daddare ya kwashe ƙasar ya buga bulo. Mu kuma ganuwarmu mun san yadda ta ƙare, da idonmu muka gani.

Kada ku ɗauka abin ya zo musu a sauƙaƙe. Dokar daji ta ƙasar, ta 1975, ta ba kowa damar shiga daji don shan iska ko da dajin mallakar wani ne, amma mai keke sai a kan hanya kawai. Har yau ana ta jayayya tsakanin masu keke da maharba da masu gandun daji. A jihar Baden-Württemberg ma an hana hawa turbar da faɗinta bai kai mita 2 ba, masu keke sun daɗe suna ƙorafi, dokar tana nan. Duk wata alama da ka gani a jikin itace, sai da aka zauna da mai ƙasa da hukumar ƙauye aka yi ta ja-in-ja kafin a manna ta.

Mu ba sai mun sari sabuwar hanya ba, muna da burtali. Kakanninmu sun bar shi tsakanin gonaki, an shinge shi da aduwa ko cediya ko bini-da-zugu, shanu su wuce, jaki ya wuce, mai zuwa cin kasuwa ya wuce. Shi ya haɗa ƙauye da ƙauye tun kafin a san kwalta. Yanzu kowace damina sai manomi ya ci kunya ɗaya daga wannan gefen, maƙwabcinsa ya ci daga wancan, har burtalin da amalanke biyu ke giftawa ya koma sai mutum ya karkace. Kowa ya san abin da toshe burtali da labi ya jawo tsakanin manoma da makiyaya, ba sai na tsawaita ba. Ni dai a ganina hanyar da aka zana a taswira, aka ba ta suna, mutanen birni suna bin ta duk mako, ta fi wuyar haɗiyewa a kan wadda ba mai tunawa da ita sai Bafulatani da shanunsa.

Wani zai ce ai ba mu da tsaunuka. Gaskiya ne, gabashin jihar shimfiɗe yake, sai jigawa da fako da ɗan kwazazzabo nan da can. Duwatsun da za su burge mai wannan wasa suna yamma da kudu, wajen Batsari, Safana, Dutsin-Ma, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, kuma nan ne 'yan bindiga suka hana mutane ko zuwa gona cikin kwanciyar hankali. Ba zan zauna a ƙasar wasu in ce wa ɗan wani ya ɗauki keke ya nufi dajin Rugu ba. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya jiƙan waɗanda aka rasa. Kafin nan a fara da gabas, shi ma ba da ka ba, sai an tambayi mutanen wuri halin da ake ciki a ranar.

Ga yadda nake hango hanyar keken tamu. A taru a gindin hasumiyar Gobarau, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 15, ake kuma danganta ta da zamanin Muhammadu Korau. A biya ta tsohuwar Kwalejin Katsina, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan adana kayan tarihi ce. A fita ta Ƙofar Durɓi, da an bar gari a sauka daga kwalta a kama burtali har Durɓi ta Kusheyi. Nan a jingine kekuna a ƙasa. Kaburbura ne, kada wani ya ga tudu ya ce ya samu wurin gwada gwaninta. Mai ƙarfi ya kwana a Mani, washegari ya miƙa Daura, ya sha ruwan Kusugu, ya ji labarin Bayajidda da Daurama daga bakin masu tsaron rijiyar. Ta titi Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, ta burtali zai fi haka, shi ya sa na ce a raba ta biyu. Lokacinta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an gama girbi, ƙoramu sun ƙafe, rana ba ta kai ta bazara ba. Ranar da hazo ya yi yawa a ɗaure hanci da rawani ko a haƙura.

Abokan gabar mai keke a ƙasarmu biyu ne, yashi da tsidau. Yashi maganinsa faffaɗar taya, a kuma rage mata iska kaɗan don ta kwanta a kansa maimakon ta nutse. Inda ya yi zurfi a sauka a tura, ba abin kunya ba ne, Jamusawa ma suna turawa a hawa. Tsidau kuwa sai faci. Nan suna amfani da taya marar robar ciki, ana zuba mata wani ruwan gam da ke toshe huda da kansa, amma tana da tsada. Famfo da kayan faci a aljihu sun isa, balle kusan duk ƙauyen da ke da kasuwa ba a rasa mai faci a gindin bedi. Ruwa kam a ɗauka fiye da yadda ake zato. Fura da nono za a samu a hanya.

Na san yadda ake kallon babban mutum a kan keke a gida. Sai a ce wane karayar arziki ta same shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na ji an ce wasu sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, suna hawa suna sunkuyar da kai. Iyayenmu da Rali suka yi fatauci, da buhu a kariya, ba wanda ya raina su. Nan likita da shugaban ma'aikata suna zuwa aiki a kan keke, ranar hutu su shiga daji su dawo da taɓo har kunne.

Abu ɗaya da ba za a kwafo daga Jamus ba shi ne shiga ƙauye kai tsaye. A halin da ake ciki, baƙi goma da huluna kwano su ɓullo daga burtali ba sanarwa, ai sai gari ya watse. Sai an fara aika wa maigari, a je a gaishe shi, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi yaro ɗan gari ya yi jagora a sallame shi da abin kirki. Dattijon da ya san sunan kowace kuka da kowane kufai, da dalilin da ya sa aka tashi daga wurin, shi ne allon bayaninmu. A zauna da shi, in ya yarda a ɗauki muryarsa a waya. Kuma ba don Turawa masu yawon buɗe ido nake wannan magana ba, su ba za su zo yanzu ba. Don ɗaliban jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa nake yi, da 'yan sakandare, da ma'aikacin da likita ya ce ya rage zama saboda hawan jini ko ciwon suga.

Roƙona ga samarin Mani, Mashi, Dutsi da Daura, wanda duk yake da keke da waya mai nuna taswira, ya bi burtalin da ke tsakanin garinsu da na gaba, wayar ta zana masa layin. Ya rubuta inda yashi yake, inda gona ta cinye hanya, inda rijiya take, da duk wani kufai ko tsohuwar ganuwa ko makera da ya gani. Taswirar intanet mai suna OpenStreetMap kyauta ce, kowa na iya sa turba a ciki. In Allah Ya kai mu hunturun baɗi ina da niyyar zuwa gida, kuma zan so mu fara da Katsina zuwa Durɓi. Keke dai aro zan nema, don nawa kuɗin jirginsa ya fi ƙarfina.

Ku gaida gida da yara. Wassalam.

Ɗan'uwanku Bakatsine,
daga Mainz, Jamus