Asabar: daren da aka kashe Sarki Duncan

Hazo ya rufe gari tun safe, don haka ban leƙa ko'ina ba. Bayan azahar Auta ta shigo da kwamfuta a hammata, wai an ba su aiki a makaranta kan Macbeth, wasan da Shakespeare ya rubuta wajen 1606, su kwatanta yadda masu fim suka sarrafa shi. Na ce mata fim huɗu ba sa kalluwa a wuni guda, mu zaɓi wuri ɗaya mu bi shi cikin kowanne. Muka tsaya kan daren da Macbeth ya kashe Sarki Duncan don ya hau sarautarsa.

A wasan kansa ba a nuna kisan. Macbeth ya shige ciki, ya fito hannu jina-jina, shi ke nan. Amma kafin ya shiga, shi da bakinsa ya lissafa abin da ya kamata ya hana shi: Duncan ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, ga shi kuma baƙo da ya sauka a gidansa. A wurina nan nauyin labarin yake, cin amana. Son sarauta kowa na da shi.

Muka fara da na Roman Polanski, na 1971. Shi bai ɓoye komai ba. Jon Finch, wanda ya fito a Macbeth, ya tsaya kan sarki yana barci, sarki ya farka ya gane shi, sai sukar wuƙa ba ƙaƙƙautawa, kambi ya faɗi ƙasa. Auta ta kau da kai. Mutane da dama suna danganta yawan jinin fim ɗin da kisan matar Polanski, Sharon Tate, a 1969. Ni dai abin da na gani, jinin ya cika mini ido har na manta da wanda aka kashe. Na Joel Coen, na 2021, shi ma ya nuna kisan, amma cikin natsuwa, a hoto fari da baƙi. Denzel Washington ya haura sittin lokacin da ya fito a Macbeth, haka ma Frances McDormand da ta fito a matarsa, kuma tsufan nasu ya sauya labarin: mutane ne biyu da ba su da magaji, suna ganin wannan ce damarsu ta ƙarshe. Ya yi kyau, sai dai sanyinsa ya yi mini yawa.

Na Akira Kurosawa, Throne of Blood na 1957, ya ɗauke labarin daga Sikotilan ya kai shi Japan zamanin samurai, ya kuma ajiye baitocin Shakespeare gefe guda. Matar, Asaji, ta ba masu gadi giya mai magani, ta danƙa wa mijinta Washizu, wato Macbeth ɗin fim ɗin, mashi, ya fita. Kyamara ba ta bi shi ba. Ta zauna da matar a ɗaki, fuskarta a daskare irin ta 'yan wasan Noh, wasan kwaikwayon gargajiyar Japan, har ya dawo da mashin duk jini, ya zauna yana haki. Sai da ta ɓamɓare mashin daga hannunsa. Auta ta ce, "Yaya, wannan ya fi ba ni tsoro, kuma ban ga an soki kowa ba." Gaskiyarta. Amma akwai abin da ya rage masa a wurina. Tun da farko Asaji ta tuna wa mijinta cewa shi ma ubangijin nasu kashe na gabansa ya yi ya hau. Da wannan magana kisan ya zama al'adar gidan, amanar ta yi sauƙi.

Muna buɗe Maqbool na Vishal Bhardwaj, na 2003, Umma ta ji Indiyanci daga tsakar gida, ta shigo da farantin tsintar shinkafarta ta zauna. Nan take ta gane Om Puri da Naseeruddin Shah, waɗanda suka fito a matsayin 'yan sanda biyu masu duba taurari, madadin mayu ukun da suka faɗa wa Macbeth cewa zai zama sarki. Shirinmu na kallon wuri ɗaya ya rushe, muka kalle shi tun daga farko.

Kuma dogon kallon ne ya yi masa rana. Sarki a nan uban daba ne na Mumbai, Abbaji, wanda Pankaj Kapur ya fito a matsayinsa. Ka daɗe tare da shi: yana taunar ganyen paan, yana magana ƙasa-ƙasa, yana murnar baikon 'yarsa, yana ɗaukar Maqbool kamar ɗan cikinsa. Nimmi kuwa, wato Tabu, ba matar Maqbool ba ce, daduron Abbaji ce. Saboda haka amanar ta zama biyu, ta kujera da ta shimfiɗa. Da Irrfan Khan, wato Maqbool, ya tsaya da bindiga a kan gadon, Nimmi na kwance gefen tsohon, ka riga ka san wanda zai mutu, ka san abincinsa da dariyarsa. Umma ta ajiye faranti ta ce, "Wannan yaro bai ji tsoron Allah ba. Mutumin da ya raine ka?" A sauran ukun ba wanda ya sa ni jin wannan tambaya, domin Duncan ɗinsu baƙo ne gare ni, ya shigo ne kawai don a kashe shi.

Auta ba ta yarda ba. Ta ce Bhardwaj ya mai da son mulki ya koma son mace, kuma wannan wani wasa ne daban, ba Macbeth ba. Na ce ai Kurosawa ma ya cire annabcin da aka yi wa Macbeth cewa ɗan da mace ta haifa ba zai kashe shi ba, ya sa mutanen Washizu suka harbe shi da kibau, me ya sa shi ba ta ce ya sauya wasa ba? Ta ce wancan sauya ƙarshe ne, wannan sauya dalili ne. Muna cikin haka aka kira magariba.

Ta ce Kurosawa za ta sa a gaba a rubutunta, Maqbool na biyu. Gobe bayan la'asar za mu duba mayun: tsohuwa ɗaya mai kaɗi a dajin Kurosawa, 'yan sandan Mumbai biyu, da Kathryn Hunter da ta ɗauki ukun ita kaɗai a na Coen. Umma ta ce a kira ta idan an zo kan Om Puri.