Shekara Huɗu Ina Sakataren Gasar Rubutu

Makon jiya na miƙa makullin akwatin takardu. Shekara huɗu ke nan ina sakataren gasarmu ta shekara-shekara a nan Gombe, ta masu rubuta abin da ya faru da gaske: tarihi, rayuwar mutane, labarin tafiya. Ko babbar gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000, tsakanin ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara take zagayawa, shi ya sa muke ji da tamu.

Abin da har yau yake ci mini rai a shekara ta uku ya faru. Wani matashi ya kawo rubutu kan yaƙin Burmi na 27 ga Yuli, 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Hausarsa kamar zuma. Amma ya sa wa Sarkin dogon jawabi a baki, har shafi biyu, ba tare da ya faɗi inda ya samo ba. Na ja layi da jan biro, na kai wa shugaban kwamiti. Bai ko juya shafin ba ya ce, "Malam, kai sakatare ne ko alƙali?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe," na ja bakina na yi shiru. Daga baya na ji yaron ɗan aminin mai ɗaukar nauyin gasar ne.

Wanda aka danne wani malamin firamare ne da ya bi tsofaffin leburorin gidan gurzar auduga na BCGA, tsohon kamfanin auduga na Turawa, gida-gida, kowace magana da sunan mai ita da ranar da aka yi hirar.

Ranar biki wani dattijo daga Bajoga, kusa da Burmi, ya miƙe, ya dogara sanda, ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka haka Sarki ya ce?" Zaure ya yi tsit. Ni na so ƙasa ta tsage in shige, domin sa hannuna ne a ƙasan takardar sakamakon.

Tun daga nan nake cire sunan marubuci kafin rubutu ya je hannun alƙalai, kuma duk ƙorafina a rubuce nake yin sa, in ajiye kwafi. Wanda ya gaje ni, ya riƙe waɗannan biyun, ko da za a ce ya cika tsaurin ido.

Malamin nan bai sake shiga gasar ba. Rubutunsa na cikin akwatin, a kore fayil, na nuna wa sabon sakatare inda yake.