Duban wata ba na daren 29 kaɗai ba ne

A nan Tawa, galibinmu ba mu ɗaga kai mu nemi wata da gaske sai sau biyu a shekara, wato jajibirin azumi da jajibirin ƙaramar salla. A ranakun nan ne za ka ga mutane sun yi cirko-cirko bayan sallar magariba suna leƙen yamma, wasu ma suna duba inda wata bai taɓa tsayawa ba. A ganina, yawancin gardamar da ake tafkawa a kan tsayuwar wata daga nan ta samo tushe, domin wanda bai bi watan ba tun daga darensa na farko har zuwa ɓacewarsa, ba shi da ma'aunin da zai auna labarin da aka kawo masa a daren 29.

Kowace rana wata yakan gusa wajen gabas da kimanin digiri 13 a tsakanin taurari. Idan mutum ya miƙe hannunsa ya dunƙule, faɗin dunƙulen ya kai kimanin digiri 10, saboda haka tafiyar dare guda ta ɗara dunƙule ɗaya da kaɗan. Ita kuwa duniya tana juya digiri ɗaya a cikin minti 4, don haka sai ta ƙara juyawa na kusan minti 50 kafin ta sake kawo mu gaban watan. Wannan ne ya sa fitowarsa da faɗuwarsa suke jinkiri da kimanin minti 50 kullum. Matsakaici ne kawai wannan adadi. Wani daren jinkirin bai cika minti 40 ba, wani daren kuma ya zarce awa guda, domin hanyar da watan ke bi a karkace take, kuma ba cikakkiyar da'ira ba ce: yakan matso har kimanin kilomita 363,000, yakan kuma nisanta har kimanin 405,000, kuma in ya matso ya fi sauri.

Wanda ya riƙe wannan zai iya karanta kwanakin wata daga inda ya same shi da magariba. Jinjirin wata na daren farko yana ƙasa-ƙasa a yamma, kuma galibi bai wuce awa guda bayan rana ba yake faɗuwa. A daren 7 rabinsa ne ke da haske, da magariba yana tsakiyar sama, ba ya faɗuwa sai tsakar dare. A daren 14 kuwa, rana na faɗuwa a yamma shi yana fitowa a gabas, ya kwana yana haskawa har wayewar gari, kuma waɗannan darare masu haske su ne suka ba ranakun 13 da 14 da 15 sunan fararen kwanaki da ake so a azumta. Daga nan sai duhu ya fara cin farkon dare. Bayan kwana biyu ko uku za a idar da isha'i bai fito ba, wajen daren 21 ko 22 sai tsakar dare yake fitowa, har a gan shi da hantsi fari fat a sararin yamma. A ƙarshen wata masu zuwa sallar asuba ne kaɗai ke ganinsa, siriri a gabas gab da fitowar rana, kamar yadda aya ta 39 ta Suratu Yasin ta siffanta shi da tsohon karan zangarniyar dabino. Sa'an nan ya ɓace.

Wannan ganin na asuba yana da amfanin da ba a cika kula da shi ba. Idan an ga wata da ido a gabas da asubar ranar 29, to bai riga ya haɗu da rana ba, wato bai iso saitin ranar a sama ba, kuma da wuya ƙwarai a ce ya haɗu da ita, ya wuce ta, ya nisanta har a gan shi da magaribar wannan ranar. Ido ba ya kama jinjirin da bai kai kimanin awa 15 da haɗuwa ba, kuma ko wannan sai gwanin duba a sarari mai tsabta. A ƙarƙashin hazon hunturu, ko ƙurar da ke tashi a watannin bazara, sau da yawa sai ya haura awa 20. Wannan kuma shi ne amsar masu cewa wata ya tsaya da girma, don haka na kwana biyu ne. Watan da jiya yake da awa 12 ba a iya ganinsa, yau kuwa ya kai awa 36, dole ya fito da kauri kuma ya jima bai faɗi ba, alhali darensa na farko ne.

Daga haɗuwa zuwa haɗuwa, matsakaicin tsawon wata kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Tun da ba a fara wata da rabin yini, sai wani ya zo da 29 wani da 30, shekarar ta tashi a kwana 354 ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Shi ya sa azumi ke zagaye damina da ɗari da bazara a cikin kimanin shekara 33.

Wata ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Cikakken wata kishiyar rana yake bi: a watan Disamba, lokacin da rana ta karkata kudu, yakan fito daga arewa maso gabas ya hau can ƙololuwa, a watan Yuni kuma ya fito daga kudu maso gabas ya bi ƙasa-ƙasa. Hanyarsa ta karkace daga ta rana da kimanin digiri 5, kuma wannan karkata tana zagayawa a cikin shekara 18.6. A 2024 da 2025 lilon da watan ke yi tsakanin arewa da kudu ya kai matuƙa, inda ya riƙa kaiwa digiri 28 da ɗoriya arewa da kudu da saitin layin da ya raba duniya biyu a cikin wata guda. Wanda ke neman jinjiri sai ya lura da daidai inda rana ta faɗi a wannan yammacin ya duba samansa. A watannin Fabrairu da Maris kusan kai tsaye yake a saman wurin, a kwance, ƙahoninsa suna kallon sama; wajen Satumba kuwa yakan koma hagu, ya karkata, ya kuma fi saurin faɗuwa. In Zara matar wata tana yamma a lokacin, tana taimakawa, domin kusan hanya ɗaya suke bi.

Yanzu kowace wayar salula tana iya ba da lokacin fitowar wata da faɗuwarsa, amma sai an saita ta a kan garin da ake. Nijar duka agogo ɗaya take bi, alhali Tawa tana gabas da Yamai da digiri 3 da ɗan kai, saboda haka komai na sama yakan riga faruwa a nan da kimanin minti 12 ko 13, a Diffa kuwa ya riga Yamai da fiye da minti 40. Na sha ganin ana yaɗa jadawalin Makka ko na Faransa ana kafa hujja da shi a kan samanmu, alhali bai yi magana a kanmu ba. Kasancewarmu yamma da Saudiyya ma yana nufin magaribarmu tana zuwa fiye da awa biyu bayan tasu, watan ya ƙara girma kafin ya iso gare mu.

Ga mai shakkar lissafin, husufi ya isa shaida. An sanar da husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa Nijar, tun shekaru kafin ranar, haka ma husufin wata na 7 ga Satumba 2025, lokacin da watan ya fito mana da magariba a cikin inuwar duniya. Husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, na wata kuma sai a tsakiyarsa, kuma ba a samunsu kowane wata ne saboda waccan karkata ta digiri 5.

Ban ce lissafi ya maye gurbin gani ba. Hadisi ya ce a yi azumi don ganinsa, a sha ruwa don ganinsa, in ya ɓoyu a cika talatin, kuma sanarwa a ƙasar nan ta Majalisar Addinin Musulunci ta Nijar ce, kamar yadda ƴan'uwanmu na ƙetaren Konni ke jiran ta Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Amma lissafi yana gaya wa mai duba inda zai duba da mintocin da yake da su, yana kuma iya cewa a yammaci kaza wata ya riga rana faɗuwa, wanda ke nuna abin da aka gani wani abu ne daban, ko jirgin sama ko tsinken gajimare. Zan so a ce kowane masallacin Juma'a yana da mutum biyu ko uku da ke fita duba kowane wata, har da Safar da Jimada da ba a damu da su ba, suna rubuta ranar da lokacin da yanayin sama a littafi, domin shaidar da za a karɓa daga gare su ranar 29 ga Sha'aban ta zama ta idon da ya saba.