Inda na kai a awon tsawon hanyoyin bas

'Yan uwa masu wannan sha'awa, ga inda aikina ya tsaya.

Na gama zana layukan bas ɗin da nake bibiya a manhajar zana taswira ta QGIS, daga bayanan GTFS (tsarin da hukumomin sufuri ke wallafa hanyoyi da jadawalin motocinsu a cikinsa) da hukumar da ke gudanar da layukan ta fitar. Google da hukumar TriMet ta birnin Portland ne suka soma wannan tsari a 2005, kuma a cikinsa fayil ɗin shapes.txt ne ke jera ɗigo-ɗigon da motar ke bi. Inda babu shi, taswirar intanet ta kyauta, OpenStreetMap, na taimakawa, ko mutum ya shiga motar da wayarsa tana ɗaukar GPS. Wannan duk mai sauƙi ne.

Abin da ya ci mini lokaci shi ne titin da layuka da yawa ke tarayya a kansa. A ce titi ne mai kilomita 4, layuka biyar na bi ta nan. Ka tara tsawon kowane layi, sai titin ya zama kilomita 20. Ka ƙirga shi sau ɗaya, 4 ne kawai. Hukumar sufuri ta tarayyar Amurka kuwa tana ƙirga kowane yanki sau ɗaya komai yawan layukan da ke kansa, amma zuwa daban, dawowa daban, wato 8. Ni wannan na ɗauka, domin inda titi ya zama hannu ɗaya, bas ba ta dawowa ta inda ta tafi, kuma ninka tsawon zuwa sau biyu ba zai ba ka gaskiya ba. Don Allah duk wanda zai kawo mana adadi, ya fara faɗin wanne ya auna a cikin ukun.

Ku kuma kula da taswirar da kuke awo a kanta. Irin ta intanet, Web Mercator, tana miƙa nisa: a digiri 60 daga ikweta, ninka shi take yi. Na mayar da nawa UTM, wani tsarin taswira da ba ya miƙa nisa haka, kafin na auna.

Tafiyar da bas ke yi daga gareji babu fasinja na cire ta. Haka ma rawar da GPS ke yi idan mota na tsaye a tasha, wadda ke ƙara mitocin da ba a taka ba.

Saura layukan da ke rabuwa biyu a ƙarshe, wani reshen ma sai da safe kawai ake bin sa. Ina so in saka su, amma a rukuni na dabam. Wanda ya riga ya yi irin wannan, ya gaya mana yadda ya tsara teburinsa.